Rabon Bango

Har yau in na shiga gidan da aka shimfiɗa wa tayil, idona ba ya tsayawa a tsakiyar ɗaki inda ado yake. Gefe nake bi da kallo, inda tayil ya haɗu da bango, ina duba guntayen da aka yanka aka cusa. Jikokina suna yi mini tsiya, wai da tsufana na zama magini. Ni kuwa ba gini na koya ba. Ɗakin mahaifiyata ne ya koya mini wannan kallon, kuma duk shekarun da suka wuce ba su rage mini ɓacin ran ba.

A Fagge muke a lokacin, Turawa ba su kai ga miƙa mulki ba. Mijina ya rasu, na gama takaba na dawo gidanmu ina kula da Inna, ina ɗan ɗinkin hula ina samun na sabulu. Maigidan shi ne yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Yadi yake sayarwa. Yana ɗauko kaya a wurin Kwarori, Larabawan nan masu manyan kantuna, ya rarraba wa masu kaiwa ƙauye, Allah kuma ya buɗa masa, har ya je Makka a jirgin sama. Daga ranar da ya dawo unguwa ta koma kiransa Alhaji. Ni dai Yaya na sani, Yaya kuma nake ce masa.

Inna ta tsufa, yanar ido ta rufe mata gani, sai dai ta bambance haske da duhu. A tsakar gida sai an riƙe mata hannu. Amma da ta taka bakin ƙofar ɗakinta sai ta fizge, ta ce a sake ta, ita ba jaririya ba ce. Ɗakin soro ne da mahaifinmu ya gina, ƙasansa kuma daɓe ne da ita ta buga da hannunta. A ƙuruciyarta duk gidan da za a kai amarya a unguwarmu sai an aiko mata. Ita ke tara mata, a zuba marmara, a yayyafa ruwa, a durƙusa da madaɓai ana bugu ana waƙa, a ƙarshe a shafe da ruwan makuba, ƙasa ta yi jawur tana sheƙi. Na ɗakinta ya fi na kowa. Ya ɗan gangara wajen ƙofa, ya ɗan lotsa kusa da randa, ya goge ya yi santsi a inda take sallah. Tafin ƙafarta ya san duk wannan, shi ya sa ba ta bukatar ido a ciki. Takan ce, "A nan na haife ku, a nan ubanku ya cika, ni ma a nan nake so in cika." Ban taɓa jin ta roƙi wani abu da ya wuce wannan ba.

Yaya ya ga tayil a gidan wani Kwara da yake ɗaukar kaya a wurinsa, abin ya shiga ransa. Babu gida ko ɗaya a layinmu da ke da shi. Da ɗakinsa ya ce zai yi wa, da ban ce uffan ba. Amma ya san abin da mutane za su fi yabawa, wato a ce Alhaji ya fara da ɗakin uwarsa. Ya zo ya durƙusa ya sa mata guda ɗaya a hannu. Ta shafa, ta ƙwanƙwasa da farce, ta ce, "Yanzu faranti za a shimfiɗa mini in riƙa takawa?" Ya yi dariya, ya ce ai haka manya suke yi yanzu. Na san ba ta so, shi ma ya sani. Sai dai ɗa ya ce zai kyautata wa uwarsa, ba za ta gwale shi ba. Abu biyu kawai ta nema. Kada a taɓa mata gadonta na ƙasa, wanda ake zuba wa garwashi a ƙarƙashi lokacin sanyi, kuma a mayar da ita ɗakinta kafin ruwa ya sauka. Ya ce ai abin 'yan kwanaki ne.

Aka ɗauko magini daga Sabon Gari, don a can masu wannan aikin suke. Dattijo ne Bazazzagi, Kirista, ya koyi shimfiɗa tayil a hannun Turawan kwangila. Ya tsuguna ya gai da Inna yadda ya kamata, sannan ya fito da igiya da ma'auninsa na katako mai naɗewa. Na kawo masa ruwa na tsaya a bakin ƙofa. Bazawara ce ni, ba wanda ya ce in koma ciki. Na ga ya auna faɗin ɗakin a ƙurya, ya auna a tsakiya, ya sake aunawa a bakin ƙofa, kowane wuri kuma daban ya ba shi. Ya ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, ya bi gindin bango da hannu, ya kewaya gadon Inna yana ɗan girgiza kai.

Ya ce, "Alhaji, ginin ƙasa ne, bangon bai miƙe ba. Kowace shekara ana ƙara masa yaɓe, nan ya turo ciki, can ya shige. Tsakiyar ɗaki ba ta da wuya, jeri ne kawai. Amma duk inda aka zo bango sai an yanka, ga kuma gadon Inna da za a kewaye. In na yanka ɗaya, guntun da ya rage ba lalle ya shiga wani wuri ba. Wani a hannuna zai fashe, wani ma tun a jirgi ya tsage. Don haka bayan abin da awo ya bayar, a ƙara akwati guda. Rabon bango ke nan. Kuma a saya gaba ɗaya, don irin wannan zanen in ya ƙare a kanti ba a san ranar zuwansa ba."

Yaya ya ce, "To, to, madalla," irin amsar da yake ba mai ciniki in hankalinsa na wani wuri. Aka je kanti a Sabon Gari aka sayo, har da akwatin ƙarin, 'yan amalanke suka turo aka jibge a zaure. Fari ne da ratsin kore, in an jera huɗu sai fure ya haɗu a tsakiya. Ba zan yi ƙarya ba, yana da kyau.

Washegari aka kwaso kayan Inna aka kawo ɗakina, aka sa diga a daɓenta. Tana zaune a bakin gadona tana jin kowane bugu. Ta ce, "Za su sha wuya. Ba da wasa na buge shi ba." Haka aka yi ta sara har aka gama kwashe ɓaraguzai.

Sai kuma aka ce siminti ya yi wuya a gari, a jira jirgin ƙasa. Maginin ya baje yashi ya daidaita ƙasa, ya koma wani aikin da ya baro, ya ce a aika masa in an samu. A wannan zaman jiran ne Yaya ya yi abin da ya yi.

Akwai wani abokinsa na kasuwa, mutumin da ba ya iya ganin abu yana tafiya daidai bai sa baki ba. Shi ya fara hura masa kunne. Ya ce maginan nan halinsu ke nan, su cika lissafi, in an gama su kwashe saura su kai wani gida su sayar. A shekarun nan kuwa mutanen Fagge da na Sabon Gari ba su gama sakin jiki da juna ba tun wata rigimar siyasa da aka yi tsakaninsu, don haka maganar ta sami wurin zama. Yaya ya ɗauko sandar da yake auna yadi, ya shiga ɗakin, ya auna tsawo sau ɗaya, faɗi sau ɗaya, ta tsakiya, kamar mai auna turmin atamfa. Ya buga lissafi a ka, lissafinsa kuwa ba ya kuskure. Ya fito ya ƙirga akwatuna, ya ga akwati guda ya yi yawa. To mene ne abin mamaki? Ai a gabansa aka faɗa. Amma shi ji ya yi kamar ya kama ɓarawo da hannu.

Na daɗe ina tunanin yadda mutum mai wayo irinsa ya yi wannan wauta. A sana'arsa ba abin da ke lalacewa. In ka yanka yadi, bakin da ya rage ya yi hula, ƙyallen ya yi aljihu, zaren ma a ɗaure kaya da shi. Yadi in ya gaza kaɗan, ka ja shi ya kai. Kansa bai ɗauki cewa akwai abin da ake saya don ya fashe ba. Duk da haka ba na yi masa uzuri, don Sabon Gari ba Makka ba ce. Da ya taka ya je ya tambayi mutumin, da kafin azahar ya dawo.

Bai tambaya ba. Cewa ya yi gara mutanensa su amfana da a ce baƙo ya kwashe. Dama tun da kayan suka iso mutane ke zuwa kallo, kowa ya ɗauki ɗaya ya juya, ya kanga a kunci ya ce kai, abin nan da sanyi yake. Yanzu sai Yaya ya riƙa cewa, "Tafi da shi mana, ai saura ne." Liman ya ɗauki na ajiye buta. Kawunmu ya ɗauki na taka ƙafa in zai yi alwala, ya ce ƙafa biyu gare shi, aka ƙara masa. Mai unguwa aka aika masa har gida. Abokin da ya kawo shawarar ya kwashi na ɗora akwatin rediyonsa. Gwaggo ta aiko ta ce ita ba a tuna da ita ba, aka kai mata. Duk wanda ya fita sai ya sa wa Alhaji albarka, Alhaji kuma yana shafa gemu. Ka san mu, in abu ya shigo gida dole a ga alama a gidan maƙwabci, wanda kuma ya yaba abu a gabanka kunya ba ta barin ka bar shi ya tafi hannu rabbana. Al'ada ce mai kyau in da abinka kake yi. Shi da ɗakin makauniya ya yi.

Na tare shi a soron ciki na ce, "Yaya, mutumin nan fa ya ce na bango ne."

Ya ce, "Bango yana cin tayil ne? Ni da nake awo tun kina goye za a koya wa lissafi? Je ki kula da Inna."

Da siminti ya samu maginin ya dawo. Ya dubi akwatuna ya ce, "Alhaji, ina ɗaya?" Yaya ya ce, "Yi da abin da ke nan, na auna, zai isa." Mutumin ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya haɗiye, ya ɗauki cokalin gininsa. Wannan shirun nasa ma har yau ina jin haushinsa. Ya san ba zai isa ba, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Sai dai ya dubi babbar riga, ya dubi unguwar da yake ciki, ya ga ba shi zai musa wa mai gida ba.

Daga ƙurya ya faro yana jerowa zuwa ƙofa, don kada ya taka abin da ya shimfiɗa. Ina kallo yana zana layi da ƙusa, yana ɗan bubbuga tayil da guduma har ya rabu. Wani ya rabu daidai, wani ya tarwatse a hannunsa, ya ture gefe ya ɗauki wani. Kewayen gadon Inna kaɗai ya cinye abin da ban zata ba. Furanni suka yi ta haɗuwa, ɗaki ya yi kyau kamar ba namu ba. Sai da ya zo dab da ƙofa ya miƙa hannu cikin akwati ya taɓo ciyawar da aka cusa a ciki kawai. Abin da ya rage bai wuce faɗin tabarmar sallah ba, amma a daidai inda mai shiga zai fara sa ƙafa. Yashi ne a kwance ya yi kwari, sannan ga bakin tayil a tsaye da kaifinsa. Mai ido ma sai ya lura, balle Inna.

Maginin ya ce gyaran ba wuya. Ko a cike wurin da siminti zalla a goge, ko a sayo wani tayil ko da launinsa daban ne, a safiya ɗaya ya gama. Yaya ya sha mur ya ce, "Faci? A ɗakin uwata? Mutanen da suka zo suka ga kayan nan su dawo su tarar da faci?" A wurin mai sayar da yadi babu zagin da ya kai wannan. Ya aika kanti, akawu ya ce irinsa ya ƙare, sai wani jirgin ruwa ya zo Ikko, kuma ba ya ɗaukar alkawarin zai zo iri ɗaya. Yaya ya ce za a jira. Ya ja ƙofar ɗakin ya ɗana kwaɗo, ya jefa mabuɗin a aljihu, wai kada yara su shiga su farfasa bakin. Gaskiyar magana, kada wani ya leƙa ya ga lissafin Alhaji ya gaza.

Ruwa ya sauka Inna tana ɗakina. Ɗakin ƙarami ne, yana yoyo ta kusurwa ɗaya, kuma ba ta san shi ba. Ta tashi ta buge da akwatina, ta juya ta ture fitila, rannan ta yi karo da ƙafar gado har farcenta ya cire. Daga nan ta daina tashi. Matar da ke share ɗakinta da kanta, ta ɗebi ruwa a randa, ta ɗauko goronta ba ta kira kowa ba, ta koma sai an ɗaga ta an zaunar. Tsoho kuwa in ya daina tafiya, ƙafa ba ta jiransa. Kullum da safe in na kawo mata koko sai ta ce, "An gama?" In ce saura kaɗan. Ta ce to.

Da na ga jiran ba shi da ranar ƙarewa, na yafa mayafi na ɗauki kwando na shiga unguwa. Na san abin kunya ne a bi kyauta a karɓo, na kuma san abin da za a ce. Ban damu ba. Ta wurin mata na bi, gida gida, ina faɗin gaskiya: ɗakin Inna ya tsaya, a taimaka a dawo da abin da aka ɗauka. Gwaggo ta miƙo nata nan take, har ta fara niƙa kwalli a kai, ta ce da ta sani da ba ta aika ba. Matar liman ta shiga ta zaro na ƙarƙashin buta ba ta ko jira mijinta ba. A gidan abokin nan aka ce maigida ba ya nan, alhali ina jin rediyonsa. Kawu kuwa da kansa ya fito ya ce, "Kyautar Alhaji ce. In Alhaji yana son abinsa, ya zo da bakinsa ya faɗa." Ya faɗi haka ƙafarsa na jiƙe da ruwan alwala. Ƙanin Inna ne fa, ciki ɗaya.

Duk da haka na tara da dama. Na aika wa maginin adadin, ya aiko cewa in aka lallaba, aka haɗa da guntayen da ya ture, wurin takawa zai rufu, ɗan abin da ya rage a bayan ƙyaure ba mai gani. Ranar na yi wa Inna albishir, har ta ci tuwo da ɗan yawa.

Kafin la'asar labari ya kai kasuwa. Yaya ya shigo ko sallama bai yi ba, ya tsaya a tsakar gida yana huci. Ya ce na zubar masa da mutunci, na maishe shi mai lashe amansa, gobe da wane ido zai dubi liman? Na ce, "Da idon da kake duban uwarka tana rarrafe." Ya ɗaga hannu, sai kuma ya sauke. Ya sa aka ɗauki kwandon, aka bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya aka mayar wa kowa nasa, kowanne da goro a kai da ban haƙuri, wai ƙanwarsa ce ba ta da hankali tun da mijinta ya rasu. Ina tsaye aka fita da su. Na sha ganin rashin kunya a rayuwata, amma ban taɓa ganin kunya ta yi ɓarna irin ta wannan rana ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Inna ba ta goya mini baya ba. Ta ji komai daga ɗaki. Da na shigo ta ce, "Ki bar shi. Namiji ne, yana da mutane. Don ya kyautata mini ya fara." Na ce, "Inna, kyautatawar da ta hana ki ɗakinki?" Ta ce in rufe mata baki. Haka iyayenmu suke, ɗa namiji ko ya taka su sai su ce ƙafarsa ba nauyi.

Na tashi na taka Sabon Gari da kaina. Na sami maginin a gidan hayar da yake, yana wanke kayan aiki. Na ce ya zo da rana lokacin da Yaya ke kasuwa ya zuba simintin, ni zan san yadda zan yi da ƙofa. Ya ce, "Ƙanwar Alhaji, ki yi haƙuri. Ni in shiga gidan mutum a Fagge a ɓalle kwaɗo ina wurin? Kin san zamanin da muke ciki. In Alhaji ya ce mini zo kawai, ko yau ne sai in bi ki." Gaskiyarsa ce, amma gaskiyar ba ta amfane ni da komai ba. Na dawo a ƙasa ruwa na dukana.

Wata rana da hantsi, gari ya ɗan washe, Inna ta ce in kama ta. Na zaci bayan gida za ta. Ta ce a'a, ɗakinta. Na rungumo ta muka ratsa tsakar gida da ƙyar, ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta miƙa hannu ta shafa ƙyauren, ta gangaro har ta taɓa kwaɗon. Ta riƙe shi a tafin hannu ta daɗe, tana juya shi. Ban san lokacin da na jingina ta da bango na ɗauko taɓarya ba. Ta ji motsina ta ce, "Me za ki yi?" Na ce fasawa zan yi, in shimfiɗa tabarma a kan yashin, ta kwana a gadonta yau. Ta ce, "In kika fasa ƙofar ɗan'uwanki ban yafe miki ba." Ƙofar ɗan'uwana, in ji ta. Ɗakin da ta haife shi a ciki. Na ajiye taɓaryar, na mayar da ita ɗakina, na koma bayan gida na yi kuka don haushi.

Daga ranar ba ta ƙara tambaya ko an gama ba. Tari ya kama ta, sanyin ɗakina ya shiga ƙirjinta. Yaya ya kawo magani iri iri, na asibiti da na gargajiya, ya kawo bargo sabo daga kanti, ba abin da ya hana sai abu ɗaya da take so. Na roƙe shi a buɗe a hura mata gadonta ko da kwana ɗaya ne. Ya ce an ce jirgin ya taso, in ƙara haƙuri, so yake ta shiga ɗaki cikakke. Damina na gab da ɗaukewa, wata ranar bayan azahar, Inna ta cika a kan gadona, ƙarƙashin inda ke yoyo.

Wadda ta zo yi mata wanka tsohuwar ƙawarta ce, tare suka yi yawon daɓe a da. A lokacin in za a wanke mamaci, a cikin ɗaki ake haƙa ɗan rami, a ɗora ƙyaure a kai, ruwan ya sauka a ciki, in an gama a rufe. Tsohuwar ta dubi ɗakina ta ce, "Ba a nan ba. A ɗakinta za a wanke ta." Na fita na sami Yaya a soro, na miƙa masa hannu. Ya sa hannu a aljihu ya ba ni mabuɗin. Abin da na yi ta roƙo tun farkon damina, ga shi ya fito ba gardama.

Muka buɗe. Furannin suna nan fes, ƙura ta ɗan lulluɓe su, ba ƙafar da ta taɓa taka su. Tsohuwar ta dudduba, ko'ina tangaran, sai wurin nan na bakin ƙofa. Ta ce, "To, a haƙa nan." Yashi ne, bai ba da wuya ba. Muka ɗauko Inna a tabarma muka shigar da ita ɗakinta. A kan gurbin akwatin da Yaya ya rabar aka yi mata wanka.

Ranar sadakar uku na ɗauko ƙwaryar gumba zan miƙa wa maza, na tsaya a bayan ƙyauren zaure ina jiran mai karɓa. Sai na ji muryar Yaya. Ashe labarin ramin ya fita daga wurin mata ya kai gare su. Yana cewa, "Ku dubi ikon Allah. Mun yi ta fama tayil ya ƙi isa, ashe wurin wankanta ne Ubangiji ya keɓe. Da an rufe, da sai an fasa." Kawu ya ce Allahu akbar. Liman ya ce lalle komai da hikimarsa. Zaure ya ɗauka da kabbara.

Na ajiye ƙwaryar a ƙasa, na tura ƙyauren na shiga, abin da mace ba ta yi. Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah. Kai ka buɗe akwatin nan da hannunka, ina tsaye, waɗannan da ke zaune kuma su suka karɓa. Abu ɗaya ta roƙa a duniya, ta cika a ɗakinta. Kun hana ta da ranta, kun shigar da ita a tabarma. Kada ku jingina wa Allah."

Kawu ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafafunsa. Wani daga baya ya ce zafin rashi ne, a yi mata uzuri. Na ce ba na bukata, na fita.

Kayan Ikko sun iso bayan an yi arba'in. Yaya ya aika wa maginin, ya zo ya cike ramin, ya rufe wurin a safiya ɗaya, kamar yadda ya faɗa tun farko. Sai dai koren sabon tayil ɗin bai yi daidai da na da ba, ya fi shi duhu, furen ma bai haɗu ba. Duk wanda ya sa ƙafa a ɗakin, shi yake fara gani. Facin da Yaya ya hana uwarsa ɗakinta don gudunsa, shi ya samu a bakin ƙofa, kuma da shi ya zauna har ya bar duniya.